Ranar da Na Kwance Famfon Inna

Tun garinmu yana cikin jihar Sakkwato, famfon gidanmu a unguwar Badariya ya yi wata guda yana ɗiga. Inna, kakata, ta ce, "Ke ɗiyar ga, bari mai gyara shi zo." Ni da na gama sakandare zan jira wani?

Ana ɗauke ruwa na kwance kan famfon, na tafi kasuwa sayo sabuwar robar cikinsa, ban kulle ruwan daga waje ba. Kafin in dawo an kawo ruwa. Shinkafar da Inna ta turara ta shanya tana iyo har zaure.

Ba ta yi faɗa ba, tare muka tsince ta. Amma har yau ina sallama take ce wa maƙwabta, "Ku kwashe shanya, Injiniya ta iso."