Goran Malam Modu

"Lafiya ƙalau, bawana. Ya gajiyar alli?"

Shu'ibu ne, tsaye a kwalekwalensa, yake amsa gaisuwar Malam Modu, ɗan gwaggonsa. Ambaliya ta shanye hanyar makarantar da Modu yake koyar da Turanci a bayan Kirikasamma, ga shi yau mai duba malamai zai zo, kuma da darasin yau za a yanke maganar ƙarin girmansa. Jirgi ɗaya ne a bakin ruwan, shi ma na taubashinsa. Modu kuwa, jikan masunta gaba da baya, ko a kwatami bai iya iyo ba.

"Tsallakar da ni, na makara."

"Ba na ɗaukar bawa kyauta. Biya ni da karatun da za ka yi wa yara."

Modu ya shiga, ya ƙanƙame gefen jirgi, ya fara bayani. Kalmomi biyu ne, in ji shi, sink da drown. Ta farko nitsewa ce kawai, dutse ma yana yi. Ta biyu sai mai rai, wanda ruwa ya ci.

Shu'ibu ya ɗan girgiza jirgin. "To kai wacce za ka yi?"

"Duka biyun. Da ma kaina dutse ne, shi zai fara yin ƙasa."

"Kifi ma ba zai ci ka ba."

"Ina nama? Malamin makaranta ne ni fa. Ka san ranar da Kaka ya jefa mu kogi, kai ka fito da tarwaɗa, ni aka fito da ni."

"Kana kiran gwaggo."

"Da Turanci ma, don kada a gane."

Sun kai tsakiya, inda ruwa yake murɗawa, sai Modu ya ƙara ƙanƙame gefen jirgi. Tsoro ne na gaske, har idonsa ya kawo ƙwalla. Shu'ibu ya gani, ya bar wasa da jirgin, ya jawo babban goran da yake hawa a ruwa in zai kama kifi, ya tura masa.

"Rungume, na bar maka. Shi bai san ko ɗaya cikin kalmomin naka ba."

"Ashe kana so na."

"Ina fa. In ruwa ya ci ka, wa zan riƙa zagi?"

Modu ya yi dariya, amma bai saki goran ba. Da shi ya shiga aji a kan lokaci.