Ranar da Na Ce An Sace Injin Motar Hajj

Ba zan taɓa mantawa da kakar riɗin bara ba, ko na so mantawa 'yan kambo, wato sansanin leburorin gona, ba za su bari ba. Shekara ashirin da biyu ina tuƙa tarakta a manyan gonakin Gadarif, daga Fashaga har Mafaza babu lakar da ban shiga ba, kuma abin da na tara bai wuce ciwon baya da kunnen da ya fara toshewa ba. A aji huɗu na bar makaranta. Amma in inji ya yi tari daga nesa, zan gaya maka abin da ke damunsa. Wannan sanin kaɗai na mallaka, da shi nake taƙama.

Da man gas ya yi wuya, sai Hajj Bashir, mai gonar da nake wa aiki, ya kawo wata 'yar mota. Ba ƙofa, ba gilashi, tayoyi huɗu masu kauri da ɗan akwatin kaya a baya. Wai da lantarki take tafiya, ana cika mata batir da farantan hasken rana da aka jera a kan rufin sito. Wani injiniya ya biyo ta daga gari don ya nuna yadda ake sarrafa ta. Ni kuwa na ja kofin shayina na koma bayan sito.

"Ya usta, zo ka gani mana," in ji Hajj. Usta ake ce wa ƙwararren direba a nan.

Na ce, "Ya Hajj, wanda ya tuƙa tarakta ba a koya masa keken yara."

Ya dube ni ya ce, "To madalla. Tarakta dai ta kwanta sai an samu mai. In ba ka iya wannan ba, ba ni da aikin direba a nan." Ya shiga motarsa ya koma gari.

Kwana uku ina kewaye 'yar motar nan kamar surukata. (Na kwance wa tarakta abubuwan da lafiyarsu lau, don dai a gan ni da baƙin mai a hannu.)

A rana ta huɗu aka gama kakkaɓe riɗi a can ƙarshen gona, aka ɗure buhu arba'in. Tsakaninsu da sito akwai wani kwari, ruwan shekaranjiya ya mai da shi kamar kunu. Babbar motar da aka ɗauko haya ta shiga ta nutse har ciki. Ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga wajen Habasha. Wanda ya san riɗi ya san in ruwa ya same shi a buhu, halas, shi ke nan, an yi noman banza. Malam Yaƙubu, shugaban leburori, ya zo yana haki ya ce, "Usta, sai dai ƙaramar nan."

Na hau da ƙasaita, na murɗa makulli. Shiru. Na sake murɗawa, ko tari ba ta yi ba. Wata 'yar koriyar wuta ce kawai ta kama a gabana, ni kuwa ban ɗauke ta bakin komai ba. Raina ya yi fari. Na ce, "Kun gani ko? Kayan 'yan gari ke nan. Batir ya mutu. Ku zo ku tura!"

Duk direban Gadarif ya san wannan aikin: a tura, ka taka kuloci, ka sa giya ta biyu, ka saki, mota ta tashi. Ƙarti takwas suka sa kafaɗa, suna tura ni suna salati. Da muka ɗauki gudu na kai ƙafar hagu da ƙarfi inda kuloci ya kamata ya kasance. Ashe birki ne. Duka takwas ɗin suka haɗu da bayan mota, Malam Yaƙubu har leɓe ya fashe.

Sau uku na sa su. Sau uku na taka birki.

Na sauko ina cewa sai na duba inji. Na ɗaga murfin gaba, mutum kusan talatin sun kewaye ni. Me zan gani? Akwati fanko, sai igiya da wani tsumma. Ba inji, ba fanka, ba tankin ruwa. Jinina ya hau. Na juya na dubi bayin Allah da suka baro garuruwansu don yankan riɗi, na ce, "Kada kowa ya motsa daga nan!"

Na ciro waya na kira Hajj, na sa ta a lasifika saboda kunnena, na ɗaga murya yadda na nesa ma zai ji.

"Ya Hajj, an yi mana ɓarna! An sace injin motar nan, ɗungurungum! Ko ƙusa ba su bari ba!"

Ya ce, "Ya usta, wane injin?"

"Injin mota mana!"

Na ji ya ja dogon numfashi. "Ba wa Baba Ishaƙu wayar."

Baba Ishaƙu shi ne mai dafa wa kambo abinci, tsoho ne da ya kusa saba'in, ko keke ban taɓa ganinsa a kai ba. Ya taho da muciya a hannu, bai ma karɓi wayar ba. Ya ce, "Ɗana, ai tun ɗazu a kunne take. Ita ba ta ihu irin naka. Abin nata a ƙasa yake, wajen tayoyi. Kwana uku da ita nake ɗebo ruwa a tafki kowace safiya, kana kwance ƙarƙashin tarakta." Ya miƙa muciya ya tura wani ɗan ƙarfe gaba. "Sai ka taka na dama. A hankali."

Dariyar da aka yi, wallahi har wanda leɓensa ya fashe yana riƙe da baki yana yi. Daga cikin waya Hajj ya ce, "In usta bai iya ba, Baba ya tuƙa." A nan na ga aikina yana tafiya, kuma mai tuƙa tuwo ne zai gaje ni.

Baba ya girgiza kai. "A'a, ya Hajj. Ni hanyar tafki na sani. Laka ta usta ce."

Na hau. Na taka irin takun tarakta, ta yi tsalle kamar akuya, rawanina ya faɗi, ban tsaya ɗauka ba. Kafin in kai kwari na gane halinta. A bakin kwarin na sauka na rage wa tayoyi iska, na duba ƙasa. Inda laka ke ƙyalli ba a bi, nan babbar mota ta mutu. Akwai wani layi da ciyawa ta yi gajarta, ƙarƙashinsa tsakuwa ce, na san shi tun ina saurayi. Na bi ta nan a karkace. Ta wuce sumul, ko nishi babu, ta gefen direban babbar mota da ke zaune kan rufi ya yi tagumi. (Na ɗaga masa hannu. Allah ya yafe mini, da gangan na yi.)

Buhu biyar-biyar nake ɗauka, sahu takwas. Leburorin da na kira ɓarayi su ne ke lodi da gudu, suna ihu, "Usta, riƙe injin da kyau kada a sace!" Ina haɗiyewa. A sahu na shida iska ta taso, alamar batir ta sauka ƙasa da rabi. A na takwas ɗigo ya fara dukan wuyana tun ina tsakiyar kwari. Ina shiga sito ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Malam Yaƙubu ya ƙirga, arba'in cif, ko ɗaya bai jiƙe ba. Ya rungume ni da kumburarren leɓensa, ni kuma na nemi gafararsu gaba ɗaya, abin da ban saba yi ba.

Aikina yana nan, motar ma a hannuna take, har gonakin maƙwabta ake aiko a ɗauke ni in laka ta tsare hanya. Sai dai daga nan har kasuwar Showak ba wanda ke kirana da sunan da ubana ya raɗa mini. "Usta An Sace Inji" ake ce mini, har masu shayi.

Abin da na koya kaɗan ne: jahilci ba ya kashe mutum, gyaruwa yake yi cikin minti biyu. Amma in ya taso maka, ka yi shi da ƙaramar murya, kada ka tara mutum talatin, kuma don Allah kada ka kira mai gida ya zama shaida.