Guɗata a Tsakiyar Kiɗa

Wai ta yaya mutum ke gane kiɗa ya ƙare? Har yau ban sani ba. Rubuta, 'yata, kada ki rage komai.

Autanmu Sadiƙu da abokansa suna kiɗan jita, babu mai rera waƙa. Dā ƙara ce zalla, amma a sabon faifansu sun koyi yin shiru. Ranar naɗar faifan, a ɗakin ƙasa na gidanmu a garin Bowie, suka gayyace mu. Na ce da mijina Alhaji, “Ni da na raya biki ɗari, ba za a koya mini sauraro ba.”

Kiɗa ya hau, ya hau, sai tsit. Na kama hanci na rangaɗa guɗa. Ashe tsakiya ce. Mai ganga ya ƙame da sanda a sama. Alhaji ya yi dariya har da hawaye. Suka bar guɗar a faifan.

Bara a asibiti, Alhaji, Allah ya jiƙansa, ya lumshe ido ya yi shiru. Na fashe da kuka. Ya buɗe ido ɗaya, ya yi mini maganarsa ta ƙarshe:

“Hajiya, kin sake yin gaggawa. Ba a gama ba tukuna.”