Rasuwar Barewa, Wadda Alaimen Ya Yi Ajalinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka fara sabawa da tafiyar ƙasa, ni Maharazu Ɗalhatu na Al Nahda, ma'aikacin wani kamfanin kago, wato jigilar kaya, a Al Rigga, nake sanar da 'yan'uwa Hausawan Dubai da Sharjah rasuwar motata, Barewa. Ta cika ranar Juma'a, 15 ga Fabrairun 2019, da hantsi, a wani filin tseren motoci da ke bayan gari. Ta rasu tana da shekara goma sha biyar, bayan gajeriyar jinya da ni da kaina na ɗora mata.

Marigayiya 'yar Japan ce, mai haƙuri da kawaici. Shekara huɗu tana kai maiɗakina Nuriyya makarantar da take koyar da lissafi a Sharjah, ta juyo da ni cikin cunkoson safiya ba ta taɓa yin zafi ba. Ko a watan Agusta sanyinta bai yanke ba. Ba ta san gareji ba sai don canjin baƙin mai.

Ciwonta ya faro ne ranar da abokina Mijinyawa ya nuna mini wasan otokuros a wayarsa. Wasa ne da ake jera robobi masu tsini a fili, mota ɗaya ta yi ta zagaya su, agogo na ƙirga mata daƙiƙa. Shi Mijinyawa masani ne a fannin. Sau bakwai yana faɗuwa jarrabawar lasisin tuƙi, amma babu abin da bai sani ba game da tsere. Da fatawarsa muka rage wa marigayiya tsawo har cikinta yana gaisawa da kowane tudun rage gudu, muka sa mata salansar da ke cewa "gurrr, fat-fat" tun daga ƙasan bene har hawa na tara. Na gaya wa Nuriyya duk don rage shan mai ne. Ta dube ni yadda take duban ɗalibin da ya kwafi amsa, ta ce to.

Ranar Alhamis da safe muka kai ta alaimen, wato a daidaita zaman ƙafafunta, a wani gareji a Al Qusais. Sai da aka shimfiɗa mata katako biyu kafin ta iya hawa injin, kamar tsohuwa za ta hau bene. Mijinyawa ya miƙa wa bakaniken, wani dattijo ɗan Pakistan, takardar lambobin da ya samo a intanet: tayoyin gaba su kwanta ciki, bakinsu ya buɗe waje. Dattijon ya karanta sau biyu, ya cire tabarau.

"Habibi, mota kake so ko ƙaguwa?"

Ya yi rabin abin da muka nema, ya ɗaure kowane noti da hannunsa, ya ce khalas, an gama, kada kowa ya sake taɓawa. A hanya Mijinyawa ya bayyana mini cewa tsohon bai san zamani ba. Bayan la'asar muka shiga wurin ajiye motoci na gidanmu da zare da sifana, muka ƙarasa aikin da mai shekara talatin a sana'a ya ji tsoro. Notin tairod na hagu kuwa, wanda ke riƙe taya da sitiyari, har yau ana bincike. Ni na ɗauka Mijinyawa ya ɗaure. Shi kuma ya ce aikinsa ilimi ne, ba sifana ba.

Da safiyar Juma'a na gaya wa Nuriyya zan je duba mara lafiya a Ajman. Ni da Mijinyawa muka wuce filin tsere, na sa hular kwano, aka ɗaga mini tuta. Marigayiya ta wuce roba uku da kyau, wannan kam shaida ce zan bayar ko'ina. A ta huɗu na juya sitiyari dama, ƙafar hagu ta zaɓi nata ra'ayin. Filin nan zai ɗauki sallar Idi, kuma turken fitila ɗaya tak ke cikinsa. Shi ta nufa, ba kwana. Kalamanta na ƙarshe su ne "ƙarrr", sai "gau", sai wani dogon "tsss". Rayuwarta a fagen tsere daƙiƙa goma sha ɗaya ce. Ni na fito ko ƙwarzane babu, abin da wasu a gida ke ganin rashin adalci ne.

Kafin in cire hular, Mijinyawa ya riga ya tura bidiyon haɗarin da ya ɗauka a zauren WhatsApp na Kanawan Dubai, inda Nuriyya take ciki. Da na koma gida a tasi, ta buɗe ƙofa, ta duba hannuwana da kaina a hankali, ta tabbatar ina da rai. Sannan ta ce:

"Baban Hafsa, yaya mai jikin na Ajman?"

Tun daga ranar ba ta ƙara mini wata doguwar magana ba. Bas biyu take hawa zuwa makaranta, kuma tana tashina in raka ta tasha, don in ga abin da idona.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, da Nuriyya, da 'yarmu Hafsa da har yanzu take leƙa taga tana jiran "fat-fat". Ta kuma bar tayar sifiya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da kamfanin inshora da ya yi mini ta'aziyya mai ratsa zuciya kafin ya nuna mini layin da ya ce ban da tsere.

Za a yi jana'iza ranar Talata bayan la'asar. Motar janwe za ta ɗauki gawar daga garejin Al Qusais, inda aka ajiye ta, zuwa wurin 'yan gwangwan da ke Sajaa. Ba a buƙatar wanka, lagireto ya riga ya yi mata. Za a karɓi gaisuwa kowace safiya a tashar jirgin metro ta Al Nahda, inda za a same ni a tsaye. Ana roƙon jama'a kada su kai gaisuwa wajen Nuriyya, ba ta karɓa. Malam Mijinyawa ya nemi a ba shi minti biyar a bakin kabari, ya yi bayanin kuskuren da yake ganin mun yi a tayoyin baya. Don haka ana buƙatar maza biyu masu ƙarfi su tsaya tsakanina da shi.