Farfesa Rarrabau da Dangin Wake

Allah ya yi wa ƙasar Kankia baiwa iri-iri, amma babu kamar Malam Rabe, wanda aka fi sani da Farfesa Rarrabau. Shekara ashirin da biyu ya yi a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji a Zariya. Mahassada na cewa kwalabe yake wankewa. To, ko da hakan ne, ai kusa da masana ya wanke su, kuma kunnensa a buɗe yake.

Da ya yi ritaya ya dawo gida da farar rigar likitoci da gilashin ƙara girman abu rataye a wuya. Tun daga ranar babu halittar da ta sake samun sukuni tsakanin Kankia da Kusada.

"Jama'a," in ji shi a majalisar ƙofar masallaci, "masana sun kasa duk wani mai rai gida-gida, hawa bakwai, tun daga babbar masarauta har zuwa jinsi. Ku kuwa duk abin da ya tashi sama tsuntsu ne. Jemage shayarwa yake yi! Ya fi kusa da akuya a kan tattabara."

Ɗanmaliki mahauci ya ce to a kamo ɗaya a tatsa.

Matarsa Hajiya Kamila kuwa tuni ta daina aikensa cefane. Yakan fita da hantsi ya dawo bayan la'asar hannu wofi, ya ɓata yinin yana fahimtar da masu kayan miya cewa tumatir da attaruhu da taba gidansu ɗaya.

Ana nan sai ƙungiyar manoman yankin ta nemi mai ba ta shawara, kuma muƙamin da sabon babur yake tafe. Mutum biyu suka nema: Dawuda, wani manomin Kunduru da ya san irin gyaɗar da kowace ƙasa ke so amma bai san sunanta da Latin ba, sai kuma Farfesa. Kwamiti ya ce a haɗu a wata gonar fadama kusa da Rimaye, kowa ya nuna abin da ya sani. Farfesa har ya sayi hular kwano.

Ran nan bai bar Dawuda ya buɗe baki ba. Kowace ciyawa sai ya tsaya ya faɗi asalinta har kakanni. Can a jikin shinge ya hango wata ciyawa mai yaɗo, mai kwanso lulluɓe da gashi ruwan zinariya. Ya miƙa hannu.

Gwaggo Adawiyya, ƙanwar mahaifinsa, tana gefe tana roron gyaɗa. Ta ɗago ta ce, "Kul, Rabe! Karara ce, mai ƙaiƙayi. Mi ya kai ka?"

"Gwaggo, a bar kimiyya ga masu ita," in ji Farfesa. Ya juya wajen kwamiti. "Ku dubi ganyen, uku-uku. Ku dubi kwanson. Wannan baiwar Allah dangin wake ce, gidansu ɗaya da gyaɗa da ɗorawa. Jahilci ne kawai ya ɓata mata suna."

Ya tsinko kwanso biyu, ya shafa a kumatu, ya goga a wuya don a shaida laushinsu.

Jawabin ya ci gaba kamar minti ɗaya. Sai yatsa ɗaya ya tafi wuya cikin ladabi. Sai biyar. Kafin ya kai hawa na huɗu farar riga ta yi sama, 'yar ciki ta bi ta. Masanin da ya raba wa duniya gidaje ya rungumi kututturen giginya yana goga baya, yana kiran, "Wayyo Gwaggo!"

Dawuda ne ya danne shi ya shafe shi da toka da man gyaɗa. Kwamiti bai ga buƙatar jefa ƙuri'a ba. Shugaba ya miƙa wa Dawuda makullin babur, aka ɗora Farfesa a bayansa yana ta mutsu-mutsu.

Shugaban ya tambayi Gwaggo ko duk bayanin nan ƙarya ne.

Ta ɗauki ƙwaryarta ta ce, "A'a, bai yi ƙarya ba, dangin wake ce. Kowane dangi da irin nasu. Mu ma ga namu can an goya."