Ranar da Na Kashe Wutar Amarya

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba zan manta da bikin 'yar Farfesana a Turkiyya ba. Na gama digiri na biyu ke nan, ina ta lallaɓa mutumin ya riƙe ni in yi na uku a hannunsa, shi kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da ya gayyace ni bikin, na ce to, yau zan nuna masa ni mutumin kirki ne. Na ci ado da babbar rigata ɗaya tilo.

Sai kun san inda na fito kafin ku yanke mini hukunci. Ƙauyenmu yana gefen dajin Falgore, a Doguwa. A can, in kaka ta yi ka ga wuta a busasshiyar ciyawa, ba a tambaya. Ɗanyen reshe ake karyowa a hau ta da duka, domin dawar shekara tana jibge a gona. Wanda ya tsaya kallo kuwa, har jikokinsa sai an goranta wa.

Bayan an ci abinci aka fito lambu, aka fara wasan wuta. Sama ta yi ja, ta yi kore, ni ma ina ta tafi kamar na saba. Can sai na ga wuta ta tashi a ƙasa, a kan ciyawa, tana gudu ta nufi amarya da ango. Mutane kuma sun ɗaga wayoyi suna dariya! Na ce lallai mutanen nan ba su san wuta ba.

Ban san lokacin da na karyo reshen wata 'yar bishiyar ado ba. Na tattare riga, na yi tsalle cikin fili ina ihu da Hausa: "Gobara! Jama'a, a kawo ɗauki!" Na dake ta, na tattake ta, na bi ta lungu-lungu. Rantsuwa, ban taɓa aiki mai kyau irin wannan ba.

Da na ɗago ina haki, sai na ga kowa ya zuba mini ido. Ashe wutar ado ce: hoton zuciya ne aka shimfiɗa da sunayen ma'auratan a ciki, aka kunna da gangan. Na bar sunan ango yana ci, na kashe na amarya ƙurmus. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse.

Kwana uku na ɓuya a ɗaki kafin Farfesa ya aiko kirana. Ya dube ni ya ce, "Na ɗauke ka. Ɗakin gwajinmu ya daɗe ba shi da jami'in kashe gobara." Ya miƙo mini wata riga mai ruwan ɗorawa irin ta 'yan kwana-kwana, wadda na yi shekara huɗu ina sakawa.

Tun daga nan, in na ga wuta a ƙasar mutane, sai na fara tambayar ta wane ne.