Rasuwar Tambulan ɗin Mama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, tsohon tela na ƙarshen layi yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tambulan ɗin marigayiya matarsa, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara talatin da huɗu yana hidima a gidan.

Marigayin gilashi ne mai nauyi, mai zane a jiki, rana na dukansa sai ya watsa launuka a bango. Su shida suka zo, yara suka aika biyar lahira ɗaya bayan ɗaya. Idan zoben Mama ya taɓa shi yakan ce "tiiin", har shago ake jiyowa. Da shi ta sha maganinta na ƙarshe, kuma tun daga ranar tela bai ƙara shan ruwa da wani kofi ba.

Jinya ta fara ne bara, da bakinsa ya ɓantare a jikin famfo. Tela ya naɗe shi a ƙyalle ya kai wa mai yankan gilashi, aka goge bakin da dutse da ruwa. Ya dawo ya ɗan rage tsawo, amma da sauƙi. Daga baya tsaga siririya kamar gashi ta bayyana. Mai gyara ya sa gam, ya faɗi gaskiya cewa muryar ba za ta dawo ba, kuma kada a kusance shi da ruwan zafi.

Ranar Talata autar gidan, wadda ta zo ganin gida da tsohon ciki, ta haɗa wa mahaifinta shayi a ciki don ta faranta masa. Nan take ya rabe uku. Ta fashe da kuka, don ta san na wane ne.

"Share hawayenki, Auta," in ji tela. "Dama ya gaji. Kewar uwarki yake yi."

Sai da ya shiga shago ya tura ƙofa sannan ya yi nasa kukan.

Marigayin ya bar faranti ɗaya, cokali biyu, da kofunan roba da dama waɗanda ba su gaje shi a komai ba.

Za a binne shi gobe da safe a gindin bishiyar tsakar gida. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su tambayi yadda abin ya faru a gaban Auta. Kada kuma kowa ya zo da sabon tambulan.